Bazarar Da Muka Jira Allurar Iya Ta Kama

Zafin bana ya sauka tun kafin mangwaro ya nuna. Jiya da azahar na ɗebi ruwa a randa na ji shi da ɗumi kamar an sauke daga wuta, sai ga ni ina neman tsumma zan jiƙa in naɗa wa randar, yadda Iya take yi. Iya kakata ce, mahaifiyar babana. Damina biyu ke nan da rasuwarta, rasuwar tsufa, a kan gadonta. Ni yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare, ina zaune a birni wurin iyayena, gidan da kowa yake magana lokaci ɗaya. Amma duk sanda zafi ya kai haka, ƙauyenmu hankalina yake komawa, bazarar da aka kawo allurar korona, ina shekara goma sha biyu.

Ƙauyenmu yana gefen ruwan Tiga, ta ɓangaren Tudun Wada. Ba tsohon gari ba ne. Su Iya ne suka kafa shi lokacin da dam ya cinye garinsu na asali, shi ya sa in tsofaffi suka ce "gida", ba inda muke suke nufi ba, ƙarƙashin ruwa suke nufi. Ina shekara shida aka kai ni wurinta in ɗebe mata kewa. Mu biyu ne a gidan, sai akuya ɗaya da kaji. Iya ba mai yawan magana ba ce, ni kuma ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu kafin a ji muryata. Mukan wuni, maganar da muka yi ba ta cika ludayi ba.

Baba yana aiki a wani asibiti a birnin Kano, shi ne mai tura marasa lafiya a keke daga wannan ɗaki zuwa wancan. A da, duk ƙarshen wata yana zuwa ran Juma'a da yamma, da burodi da sabulu a leda, ya kwana biyu. Shi ne ɗan farin Iya, don haka ba ta faɗar sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. "Mutumin birni" take ce masa. Ko yana zaune a gabanta, ni take kallo ta ce, "Barira, ce masa tuwon zai huce." Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Ce mata na ji."

Da cutar ta shigo, a rediyo muka fara jin ta. Sai aka rufe makaranta. Sai aka ce tsofaffi suna ta mutuwa a birni. Wata ranar Baba ya kira a ƙaramar wayar da ya bar mana, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce kullum yana tura mutanen da numfashi ya gagare su, waɗansu ma a lulluɓe yake fito da su. Ya ce ba zai zo ba sai abin ya lafa, domin bai san abin da yake ɗauke da shi a jikinsa ba, kuma Iya dama tana da tsohon tari. Na faɗa wa Iya. Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsince wake.

Muka ɗauka wata ɗaya ne. Damina ta zo, Kawu Sale, ƙanen marigayi kakana, ya nome mana gonar. Kaka ta zo, aka kai dawa rumbu. Aka buɗe makaranta, na koma da takunkumin da Iya ta ɗinka mini da ƙyallen tsohon zaninta. Sallah biyu ta wuce. Kayan sallata a motar haya aka aiko, rigar ta yi mini kaɗan, domin da tsawona na bara aka ɗinka. Duk Juma'ar ƙarshen wata Iya sai ta ƙara tsaba a tukunya, kamar ta manta, da safe mu ɗumama.

Shekara ta zagayo, bazara ta biyu ta shigo da ƙarfinta. Ruwan dam ya ja baya har kututturan tsofaffin itatuwa suka fito, baƙaƙe, balbelu na zama a kansu. Masunta suka riƙa dawowa da 'yan karfasa kamar tafin hannuna. Masu noman rani sun kwashe tumatir, sai injin ban-ruwa ɗaya da ke ta kuka can nesa wurin masu albasa. Da hantsi ƙasar tsakar gida ba ta takuwa ba takalmi. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin danga.

A lokacin ne aka ce allura ta iso. A bakin famfo na ji mata suna ta yi. Wata ta ce tana hana haihuwa. Wata ta ce a Kiru an yi wa wani, cokali ya manne masa a damtse. Wata ta ce duk wanda aka yi wa, shekara biyu ta rage masa. Na kwaso duka na kawo wa Iya. Ta ce, "Haihuwar me za a hana ni? Cokalin kuma in ya manne, na huta da nemansa."

Baba ya kira da wata murya da na daɗe ban ji ba. Ya ce su ma'aikatan asibiti an riga an yi musu, kwana ɗaya ya yi yana ciwon jiki, shi ke nan. Ya ce yanzu layin tsofaffi ne. In aka yi wa Iya kafin azumi, likitansu ya ce bayan 'yan makonni jiki yana soma samun kariya, to zai zo sallah. Na faɗa wa Iya kalma-kalma. Ta ci gaba da aikinta. Amma washegari ta sa na fito da tabarmar baƙi na wanke, alhali sallah saura fiye da wata.

Kwana huɗu kafin a ga watan azumi, masu allura suka zo ƙofar gidan mai unguwa, suka kafa tebur a gindin darbejiya. Mutum bakwai na ƙirga. Sauran gari suna tsaye daga nesa suna kallo, kamar masu jiran a yanka sa. Iya ce ta farko. Ta naɗe hannun rigarta na dama ta ce wa yaron da ke riƙe da sirinji, "Nan za ka yi, hagu na da mai shi." A damtsenta na hagu akwai wani tsohon tabo, zagayayye kamar bakin kwalba, mai ƙananan ramuka a ciki. Na saba ganinsa in ina cuɗa mata baya, ban taɓa tambaya ba. Aka yi, aka ba ta kati. Ta miƙo mini, na sa a tsakiyar littafin lissafina.

Washegari da azahar, rana tana tsakar ka, Iya ta ce in ɗauko mata bargo. Na tsaya ina kallonta. Haƙoranta na haɗuwa, jikinta na kaɗawa, ni kuwa gumi na bin bayana. Na rufe ta, na fita bayan ɗaki na kira Baba. Ya ce kada in tsorata, an gaya musu hakan na faruwa, in ba ta maganin zazzaɓin da ke cikin kwano da ruwa mai yawa, in ya wuce kwana biyu ko numfashinta ya canza in kira Kawu Sale su tafi asibiti. Na zauna bakin gadonta ina ƙirga numfashin. Kwana ɗaya da wuni ya yi mata. A rana ta uku ta tashi ta share tsakar gida, ta ce zazzaɓin rana ne, ta daɗe a layi ba inuwa.

Sai azumi ya kama. Ayyukanmu suka koma gefe biyu na rana. Da sassafe in ɗebo ruwa bokiti uku, in jiƙa tsamiya, in tafi makaranta. Kafin azahar an tashe mu. In dawo in tarar da Iya kwance a rumfa a kan jiƙaƙƙiyar tabarma, mafici a kan ƙirji. Tsakanin azahar da la'asar gari yakan mutu, ko kuka yaro ba ya yi. Leɓena ya bushe ya tsage, yawu ya koma kamar ƙaro. Sai la'asar ta yi sanyi mu tashi, ni in kai niƙan wake, ita ta dama kunu. In aka kira salla mu sha ruwa mu biyu, ba mai cewa komai, sai ƙarar ludayi a ƙwarya.

Amma akwai wani sabon aiki da ya ƙaru. Kullum kafin in tafi makaranta, Iya za ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta naɗe hannun riga.

"Barira, zo duba."

"Me zan duba, Iya?"

"Ta taso?"

Na duba. Ɗan ɗigo ne kamar cizon sauro, shi ma yana ɓacewa. Na ce babu komai. Ta shafa wurin da yatsa, ta sauke hannun rigar. Washegari haka. Jibi haka. A kwana na bakwai ko ɗigon babu, fata ta koma sumul. Na ce mata cikin murna, "Iya, ya warke tas." Sai na ga fuskarta ta canza kamar na kawo mata labarin rasuwa.

A wunin ranar, muna kwance a rumfa, ta ba ni labarin tabon hagu. Ba ta kalle ni ba, rufin kara take kallo. Ta ce tana yarinya, a can gida, masu lamba sukan zo saboda agana. Su tsaga damtse da ɗan ƙarfe su sa magani. Bayan kwana uku wurin ya yi ja, ya taso, ya ɗuri ruwa, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi ya bar tabo. In haka ta faru, an ce lamba ta kama. In wurin ya warke sumul, ba ta kama ba, kamar ba a yi ba. Mata suna tsoronta, don yara na wahala. Wasu su ɓoye 'ya'ya a rumbu. Waɗanda aka kama aka yi musu, da masu lamba sun juya baya sai uwa ta matse lemun tsami a wurin don kada ta kama.

"Innarmu rabin lemo gare ta," in ji Iya. "Mu biyu ne, ni da ƙanwata Kande. Kande ce mai kuka, sai ta matse mata duka. Da ta juyo kaina babu ruwa a ciki. Tawa ta kama, hannuna ya kumbura, Inna ta yi ta kuka tana cewa ta cuce ni."

Ta ɗauki mafici ta ɗan yi fifita.

"Rani biyu tsakani agana ta shigo gari. Gado ɗaya muke kwana da Kande. Ni ko ƙurji ɗaya. Ita kwana goma sha ɗaya ta yi."

Na ce, "Allah ya jiƙanta."

"Amin. Tana can ƙarƙashin ruwa, gabas da tsamiyar kasuwa. Inna ta yi shekara talatin bayanta, ban ƙara ganin haƙoranta ba."

Da Baba ya kira a kwana na goma yana tambayar me za a taho mana da shi, Iya tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

"Ce masa ba ta kama ba. Kada ya zo."

Na riƙe wayar a kunne. Baba yana ta "Barira? Kina ji na?" Iya ta ɗago ta kalle ni. Sai na faɗa. Da bakina na ce wa babana kada ya zo.

Ya yi ta bayani. Ya ce wannan ba irin ta da ba ce, ba ta fitar da ƙurji, shi ma tasa ba ta bar tabo ba. Na faɗa mata. Ta ce, "Ce masa tasa ma a sake dubawa. Shi turin keke ya sani." Baba ya yi ajiyar zuciya. Na san ba zai taka gidan ba in ta ce a'a. Bai taɓa tsallake maganarta ba.

Na tafi bayan ɗaki wurin akuya na yi kukana a hankali, ina tsoron kada hawaye ya shiga bakina ya karya mini azumi. Da na dawo na yi abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya a kanta na ce, "Iya, ke ba kya son ganinsa ne?"

Ta ajiye rariya. Na ɗauka faɗa za ta yi.

"Ke yarinya ce. Ni in na mutu yau, na ci nawa. Amma in ya zo ya tafi, na kwanta na mutu, wa zai gaya masa ba shi ya kawo mini cutar ba? Na ga uwata. Ba zan bar masa irin wannan kayan ba."

Kwanaki suka yi ta tafiya, kowanne kamar na jiya. Hadari yakan taso da la'asar daga wajen Falgore, ya yi baƙi, iska ta kwashe shi. Na naɗe tabarmar baƙi na mayar bayan ƙofa. Iya ta daina cewa in duba. Amma ni ban daina kallonta ba, don ba ni da wani abin kallo. Na lura in za ta ɗaura ɗankwali, hannun dama ba ya kaiwa sama, sai ta sunkuyar da kai. In tana tafiya takan ɗan ware shi daga jikinta kamar mai ɗauke da ƙwai a hammata. Kwanciya ma ta koma ɓangaren hagu. Ban san ko abin faɗa ba ne.

Ran sha biyu ga azumi ta aika ni in kira Kawu Sale. Ta ce masa gobe ya kai ta Burumburum a babur, ta ji ana allurar a asibitin can. Bayan ya fita ta ce mini, "Katin nan ki bar shi a gida. In an tambaye ki, ba a taɓa yi mini ba."

"Iya, da azumi a bakinmu?"

"Ai ba ƙarya ba ce. Wadda ba ta kama ba, ba a yi ba. Da can ma haka ake, a sake har ta kama."

Na tuna haƙoranta suna haɗuwa a ƙarƙashin bargo. Ban san abin da allura biyu a jere za su yi wa tsohuwa mai azumi ba, kuma babu wanda zan tambaya, wayar tana ɗaure a bakin zaninta. Da safe na zare katin daga littafin lissafi na soke shi a ƙuguna, na saki hijabi a kai.

Mu uku a babur, ni a tsakiya. Iskar da ke dukan fuskata kamar daga bakin murhu take fitowa. Gonaki duk an share an ƙone, sai toka da kunyoyin bara. Katin yana manne da fatata, ya jiƙe da gumi.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda, rufin kwano yana ƙara don zafi. Ma'aikaciyar wata mata ce mai jiki, mai tabarau, na ji ana ce mata Malama Hajara. Tana zaune gefen wani akwatin sanyi shuɗi tana fifita da kwali. Ta gaida Iya har da ɗan rusunawa.

"Sannu Iya, ya ibada? Ke da kanki, cikin wannan rana? Ga samari can muna roƙonsu suna gudu."

"Su suna da sauran gudu a ƙafa. Ni allura na zo."

"Madalla. An taɓa yi miki?"

"A'a."

Malama Hajara ta jawo littafi ta soma rubutu. Ta tambayi suna, ta tambayi gari. Da ta ji garinmu ta ɗan tsaya, ta ce ai an je can. Iya ta ce ranar ba ta nan. Ta buɗe akwatin, ta fito da 'yar kwalba, ta yage ledar sirinji. Iya ta naɗe hannun riga. Sai kawai na sa hannu a ƙugu na zaro katin na ajiye a kan littafinta.

Ta kalli katin. Ta kalle ni ta saman tabarau. Ta kalli Iya.

"Iya! Da azumi?"

Iya ba ta kalle ta ba, ni ta kalla. "Munafuka. A gidana kike cin tuwo."

Malama Hajara ta ce, "Ki bar ta, ta yi miki gata. Kwana goma sha bakwai fa ke nan. Me ya sa kike son ƙari? Daɗi ta yi miki?"

"Ba ta kama ba." Iya ta miƙa mata damtsen dama. "Duba. Ko cizon ƙuma ya fi wannan." Ta juya ta naɗe na hagu. "Ga wadda ta kama."

Malama Hajara ta ajiye sirinjin. Ta taɓa tsohon tabon da ɗan yatsa, a hankali, ta daɗe tana dubawa. Ta ce kakarta ma tana da irinsa. Sannan ta ce waccan a fata ake sa ta, shi ya sa take aiki a fata kowa ya gani. Wannan kuwa cikin nama ake kai ta, a ciki take aikinta.

"Haka mutumin birni ya ce," in ji Iya. "Abin da ido bai gani ba, kowa ma sai ya faɗa."

"To, bayan an yi miki, ba ki ji komai ba? Zazzaɓi? Ciwon jiki?"

"Lafiyata ƙalau."

"Ta yi zazzaɓi."

Ni na faɗa. Muryar ta fito siririya, amma ta fito. Malama Hajara ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta fuskance ni, ta ce, "Yauwa 'yata, gaya mini." Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata, na faɗi bargon, da kwana ɗaya da wuni, da ɗankwalin, da yadda take ware hannu, da kwanciyar hagu. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban baƙo ba.

"Iya, wannan jikar taki ai likita ce. Ɗaga hannun in gani."

Iya ta ɗaga da ƙyar. Malama Hajara ta sa yatsu a hammatarta tana lalube. Iya ta ɗan zabura ta ce, "Wash."

"Kawo hannunki na hagu." Ta kama yatsun Iya ta kai su wurin. "Me kika ji?"

Iya ta laluba. Yatsunta na motsi a ƙarƙashin riga.

"Ƙaluluwa," ta ce.

"Lokacin da aka yi miki ta hagu fa?"

Iya ta kawar da kai. Idonta yana kan bango, amma ba bangon take gani ba.

"Ta fito. Kamar ƙwan kurciya. Inna ta riƙa gasa mini da tsumma."

"To kin gani. Jikinki ya ji baƙo ya shigo, ya tashi tsaye. Wannan tana kan bajewa ma, in ta wuce wata ba ta tafi ba ki dawo in duba. Kuma ki ji da kyau, ba kowa take fito wa ba. Da ba ki da ita ma, maganata ɗaya ce, ba zan ƙara miki yau ba. Akwai ta biyu, ga ranarta nan a kati, bayan sallah. Ita ce cikon."

"In an yi ta biyun, cutar ba za ta zo ba?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Iya, tana iya zuwa. Amma in ta zo za ta tarar da mutanen gida a farke. Wanda aka yi wa, da wuya ta kai shi inda take kai waɗanda ba a yi wa ba. Saura kuma na Allah ne."

"Ɗana a asibitin birni yake aiki." Ban taɓa jin ta ce "ɗana" ba sai ranar. "An yi masa. Shekara guda bai zo ba."

Malama Hajara ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "Ya zo. Ya wanke hannu, ku zauna a tsakar gida inda iska take. In yana mura ya bari sai ya warke. Ki bar bawan Allah ya zo ya ga uwarsa."

Muka kamo hanyar gida, Iya tana bayana. Hannunta na hagu yana cikin riga har muka iso. Ni ma ba ta kula ni ba, na dama kunu ni kaɗai, ya yi gudaji. Sai da muka sha ruwa ta kwance bakin zani ta ajiye wayar a gabana.

"Kira mutumin birni."

Na kira.

"Ce masa ta kama."

Na faɗa. Baba ya ce, "Ta kama? Ƙurjin ya fito?"

"Ce masa a hammata take. Shi da yake asibiti bai san inda ake dubawa ba."

Dariyar Baba ta cika wayar har ta koma wani abu da ba dariya ba, sai ya kashe.

Ran ashirin da bakwai ga azumi aka yi ruwan farko, da la'asar. Ya zo da iska, ya kwashe mana rabin danga. Ƙamshin ƙasa ya tashi har na ji kamar in ɗiba in ci. Na tsaya a tsakar gida baki a rufe gam, ruwan na dukan fuskata.

Baba ya iso ranar jajibere da hantsi. Na ji tsayuwar babur, na ji sallamarsa a zaure. Na tsaya riƙe da tsintsiya. Ya shigo da leda a hannu, takunkumi a fuska. Furfura ta fito masa a gefen kunne. Ya ɗauki buta ya wanke hannu har gwiwa, sau biyu, sannan ya tsaya can bakin zaure, nesa da rumfar da Iya take zaune. Ya gaishe ta daga nan. Ta amsa tana kallon kaji.

Ya juyo wurina. "Wannan doguwar fa? Ina kuka kai mini Bariratu?"

Na rufe fuska da hijabi. Ya matso ya ɗora hannu a kaina, hannun da sanyin ruwa da ƙamshin sabulu.

"Barira," in ji Iya, "ce masa tsayuwar ta isa. Ba bashi ya zo karɓa ba."

Ya zo ya zauna a bakin tabarmarta, ya sauke takunkumin zuwa haɓa. Na zauna a tsakaninsu, inda na saba. Iya ta saci kallonsa sau ɗaya, da sauri, ta mayar da ido kan kajinta.

"Ce masa ya rame."

"Ce mata ita ma."

Ban ce wa kowa komai ba. Duk sun ji.